Hancin Baba Pindar

A Kasuwar Kifi ta Baga Road kowa da abin da yake taƙama da shi. Wani rumfa gare shi, wani mota, wani kuma ƙarfin ɗaukar kwali. Baba Pindar ba shi da rumfa, ba shi da mota, ƙarfin ma ya daɗe da yi masa sallama. Shi hanci gare shi. Ba wani hanci ne na a zo a gani ba, ɗan gajere ne mai faɗi irin na mutanen gidansu, amma shekara talatin da huɗu da shi yake ciyar da iyali.

Mutumin Shaffa ne, can kudancin Borno. Ya zo Maiduguri yana ɗan shekara goma sha tara, da takardar gama firamare a ninke cikin leda, da niyyar zama akawu, domin a garinsu duk wanda ya zo birni ko dai akawu ya zama ko malamin makaranta. Wata huɗu ya yi yana zagaya ofisoshi har takalminsa ya cinye. Daga ƙarshe wani ɗan cocinsu ya ji tausayinsa, ya kai shi rumfar wani dattijo dillalin kifi, ya ce a ba shi ɗaurin kwali ya riƙa yi kafin aikin gwamnati ya fito. Aikin gwamnatin har yau yana hanya.

Kifin da ake kawowa daga Tafkin Chadi banda ne, an kyafe shi a kan wuta, an shirya shi a kwali. Fatake daga kudu su saya, su loda a mota, a yi kwana da kwanaki a hanya. Idan kifi bai ji wuta har cikinsa ba, a waje ka gan shi baƙi sumul, amma kafin ya isa ya fara doyi, ko ƙwaro ya mai da shi gari. Wata rana Pindar yana cikin ɗaure wani kwali sai ya tsaya, ya ce da maigidan wannan ba zai kai ba. Dattijon ya ce masa an ɗauke shi ɗauri ne, ba a ɗauke shi duba ba. Bayan mako guda mai kayan ya dawo yana kumfar baki, ya ce tun a Jos ya zubar da rabi. Daga ranar aka karɓe igiya daga hannun Pindar.

Yadda yake aikinsa kuwa abin kallo ne. Za a buɗe masa kwali, ya cusa hannu can ƙasa inda mai kaya ba ya so a taɓa, ya zaro tarwaɗa guda. Sai ya juya ta, ya karya ta, ya kai ta hanci, ya rufe ido, ya ja numfashi mai tsawo kamar wanda zai nutse a rijiya. Hukuncinsa uku ne kawai, kuma da nisan hanya yake yanke shi. Kifin da ya cika kifi, ya ce, “Zai kai Anacha.” Mai dama-dama, “Zai kai Jos.” Wanda ya rage kuwa, sai ya ajiye shi a hankali, ya goge hannu a riga, ya ce, “A ci shi yau.” Idan wani mai taurin kai ya nemi dalili, amsa ɗaya ce: “Hanci ya faɗa.” Ba a ɗaukaka ƙara.

Har shekarun da aka rufe hanyar Baga, kifi ya ɗauke, kasuwa ta koma kufai, sunansa bai ɓace ba. Gadi ya koma yi a ƙofar coci, masu tsokana suka ce ko a can ba ya buɗe jakar kowa, shinshinawa kawai yake yi. Da hanya ta buɗe, shi aka fara aika wa.

To, ga abin da ba ya so kowa ya ji: hancin ya mutu.

A shekarar ambaliya ne. Ruwa ya shiga gidansu a Gwange, suka yi kwana tara a ajin wata makaranta a kan siminti mai laima, ya kwaso wata mura mai nacin tsiya. Murar ta yi mako uku ta tafi, amma ba ta tafi ita kaɗai ba. Ranar da ya koma kasuwa aka buɗe masa kwali, ya karya kifi, ya kai hanci, ya ja. Babu komai. Ya sake ja. Da katako ya shinshina da duk ɗaya ne. Mutane suna tsaye suna jira, gumi ya keto masa, sai ya ji bakinsa ya ce, “Zai kai Jos.” Kifin kuwa ya kai Jos. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ya ɗauka Allah ne kawai yake rufa masa asiri, ya ci gaba da rufe ido da jan numfashi, har ma ya ƙara wa numfashin tsawo.

Ya san ranar da maganar ta fita, ranar ya gama. Wa zai kira mai duban kifi marar hanci? Mutumin da fatake suke tashi su ba shi benci zai koma wani tsoho da ake ce wa, “Baba, ɗan matsa.” Wannan kaɗai ya isa ya hana shi sukuni. Amma akwai abin da ya fi shi. Wasu marasa tsoron Allah suna fesa wa kifi fiya-fiya, maganin ƙwari, don kada ƙwaro ya taɓa shi a hanya. Ido ba ya ganinsa. Hanci ne kaɗai yake jiyo shi a bayan hayaƙi, kuma a da Pindar ya kama irinsa ba adadi. Yanzu duk kwalin da ya wuce sai gabansa ya faɗi. Ran Lahadi, idan aka ce kowa ya yi addu’a a zuciyarsa, shi mutanen Anacha yake yi wa, mutanen da bai taɓa gani ba, Allah ya tsare musu cikinsu.

Wata goma sha takwas ya yi a haka, kuma da ya ci gaba, ba don autarsa ba.

Ketura ce auta, shekararta goma sha bakwai, mai ƙoƙari ce tun tana ƙarama. Ta ci wata jarrabawa aka ɗauke ta kyauta a wata makarantar kuɗi da ke bin tsarin ƙasashen waje. A cikin darussan da dole sai an ci kafin a ba da takardar gamawa akwai wani mai dogon suna na Turanci. Da uban ya ce ta fassara masa, ta yi tunani ta ce, “Baba, sunansa dai Ta Yaya Ka Sani.” Malaminsu, Malam Othniel, wani siririn mutum mai tabarau, ya koya musu cewa duk maganar da mutum ya ce ya sani, sai ya nuna a kan me ta tsaya: gani ya yi, ko gwadawa, ko lissafi, ko wani amintacce ne ya faɗa masa. Pindar ya ce to ai wannan ba karatu ba ne, rashin kunya ce aka sa wa littafi.

Gidan kuwa ya ɗanɗana kuɗarsa. Wata rana da damina uwarta Naomi ta ce, “Ketura, kwashe shanya, za a yi ruwa.”

“Mama, ta yaya kika sani?”

“Gwiwata ce take ciwo.”

“Gwiwa hujja ce?”

“Bar shanyar,” in ji Naomi. “Kayan makarantarki ne a kai. Idan sun jiƙe gobe sai ki je ki tambayi malaminku.”

Pindar yana gefe yana dariya, domin abin bai zo kansa ba tukuna. Ya zo ne da bazara, lokacin da Malam Othniel ya ba su babban aikin da za a aika wa masu jarrabawa. Kowane ɗalibi ya zaɓi abu uku daga rayuwarsa, ya rubuta yadda masu amfani da su suke tabbatar da abin da suka ce sun sani. Ketura ta zaɓi allon wata ƙawarta ’yar unguwar Shehuri, ta zaɓi ma’aunin zafin jiki na asibiti. Na ukun ta kawo shi gaban uban da yamma yana shan iska a tsakar gida, ta ajiye a kan faranti. Tarwaɗa ce banda.

“Baba, kai ne na uku. Zan bi ka kasuwa ran Asabar in ga yadda hancinka yake sani.”

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Pindar ya miƙe zaune kamar an tsikare shi. Ya ce kasuwa ba wurin ’yan mata masu karatu ba ce. Ya ce warin kifi zai kama mata littafi. Ya ce ga fasto nan, mutum mai ilimi, ta je ta tambaye shi yadda ya san abin da yake faɗa, ai shi ya fi dacewa. Ya ce ga malamai cike da Shehuri. Duk wanda ya tuna a garin Maiduguri sai da ya miƙa mata shi.

“Baban Yoila,” in ji Naomi daga bakin murhu, da sunan ɗansu na fari take kiransa, “yarinya ta tsallake likitoci da malamai ta ce ubanta take so ta rubuta, kai kuma kana tura ta gidan mutane? In ba ta kawo aikin nan ba, ba takarda.”

Ya dubi Ketura, ya ga yadda take kallonsa, irin kallon da yaro yake yi wa uban da bai taɓa ganin ya kasa komai ba. Abin ya yi masa daɗi, ya kuma tsorata shi. Ya ce to.

Ran Asabar suka shiga Keke Napep tare. A rumfa suka tarar da Alhaji Mahfuz, ɗan dattijon nan da ya fara ɗaukar Pindar aiki, Babarbare, sa’ansa, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna.

“Wushe, wushe! Yau akawu ya zo da akawunsa,” in ji Alhaji. “Yarinya, abin da ubanki ya zo nema garin nan ke kika samu.”

Can ga Madam Ihuoma a kan benci tana fifita da guntun kwali. Shekara ashirin tana sayen kifi tana aikawa Anacha, kuma ba ta taɓa loda kwali ɗaya ba sai Pindar ya sa masa hannu. Ta jawo Ketura ta zaunar kusa da ita.

Har azahar yarinya kallo take yi tana rubutu. Pindar kuwa ya yi aiki ranar kamar ana ɗaukarsa a hoto, yana jan numfashi har kafaɗunsa suna ɗagawa. Da aka ɗan lafa, sai ta rufe littafi.

“Baba, na lura da wani abu. Kafin kifi ya kai hancinka, fuskarka ta riga ta yanke hukunci. Idan mai kyau ne girarka tana sauka, idan marar kyau ne bakinka yana karkacewa. Ina so in gwada. A toshe maka hanci da auduga, a ba ka kifi goma, mu gani.”

Masu ɗaurin kwali da direbobi da ke kusa suka kwashe da dariya, suka fara matsowa. Pindar ya tsorata da jin kalmar gwaji. Sai kuma ya sake juya maganar a ransa. A toshe masa hanci? Ai wannan kamar a ce wa makaho ya rufe ido ne. Ya gyara zama, ya ce cikin isa, “Kawo audugar.”

Alhaji ya zaɓo kifi goma daga kwalaye daban-daban waɗanda ya san tarihinsu, ya raɗa wa Ketura amsar kowanne ta rubuta. Aka cusa wa dattijo auduga fari fat a hanci biyu, ya zauna yana numfashi ta baki. Na farko, Anacha. Na biyu, a ci shi yau. Haka har goma, bai kuskure ko ɗaya ba. Wuri ya kaure da sowa. Wani direba ya rantse cewa hancin Baba ya fi ƙarfin auduga, ta kunne yake shinshinawa.

Ketura ba ta yi sowa ba, tambaya ta shiga yi. Me ya sa yake danna babban yatsa a bayan kan kifin? Ya buɗe baki zai ce hanci ya faɗa, ya tuna da audugar. Ya dubi yatsan nasa kamar yau ya fara ganinsa. A hankali ya ce nan ne wurin da ya fi kauri, nan wuta take makara, idan ya lotsa to akwai sauran ruwa a ciki. Me ya sa yake ɗaga shi sau biyu a tafin hannu? Domin kifin da ya bushe ya fi girmansa sauƙi. Me ya sa yake karya shi kusa da kunne? Wannan shi kansa bai san yana yi ba. Ya ɗauki wani ya karya, ya saurara. Ya ce busasshe yana cewa ƙas, wanda bai gama ba sai ya yi wata ’yar ƙara mai laushi. Yana faɗa yana mamaki. Wata goma sha takwas yana zaton sa’a yake ci, ashe hannunsa da kunnensa ne suke ta aiki ba ko na gode, hanci yana karɓar yabo. Wani farin ciki ya kama shi wanda ya daɗe bai ji irinsa ba, har ya manta bai cire audugar ba.

“Saura rabi,” in ji Ketura tana rubutu. “Malam Othniel ya ce gwaji ɗaya ba ya isa. Asabar mai zuwa za a ɗaure maka ido, ka sa hannu a baya, ni zan riƙa kai maka kifin hanci. Sai mu ga abin da hancin yake sani shi kaɗai.”

Farin cikin ya tsaya cak. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce kasuwa fa ba kullum ake wasa a cikinta ba. Madam ta ce ita Asabar mai zuwa lodi gare ta, ba ta da lokaci. Amma ’yan kallo sun riga sun ɗauka, suna ta cewa za su zo da wuri su kama wuri. Pindar ya ji haushin abokan nasa ma, ya ga kamar sun raina aikin ’yarsa.

Makon nan babu abin da bai yi wa hancin nan ba. Ya yi surace da ganyen darbejiya har fuskarsa ta yi jawur. Ya shafa man zafi. Ya sayi taba gari, shi da bai taɓa sha ba, ya shaƙa a bayan gida, ya yi atishawa goma sha ɗaya a jere har maƙwabta suka leƙo. Ya shinshina dakakken barkono, hawaye suka zuba, hanci ya yi zafi, amma ƙamshi ko na magani. Ran Alhamis ya fara ɗingishi, yana shirya ciwon ƙafar da zai hana shi fita ran Asabar. Ran Juma’a ya manta wace ƙafar ce. Naomi tana kallonsa, sai dai ta ƙara masa miya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ta zo, suka tafi. Ketura ta taho da ɗankwalin uwarta na ɗaure ido, a ninke cikin littafi. Mutane sun fara taruwa ke nan sai Madam Ihuoma ta ɗaga murya daga bakin wata mota.

“Baba Pindar, zo ka duba mini wannan tukuna, wasa ya jira. Sabon mutum ne ya kawo, kwali arba’in, ban taɓa saye a hannunsa ba.”

Ya je, taron ya bi shi, Ketura tana gefensa da biro a hannu. Ya cusa hannu ƙasan kwali ya zaro. Kifi ne na gani na faɗa. Yatsa ya danna, bai lotsa ba. Tafin hannu ya ce ba nauyi. Kunne ya ji ƙas. Ya buɗe kwali na biyu da na uku, duk haka. Ya zazzage ƙasan kwalin a tafinsa, ko ƙwaro ɗaya babu, ga shi ana tsakiyar zafi, lokacin da ƙwaro ya fi yawa. Ko dai mai kayan gwani ne mai tsabta, ko kuma an yi fesa. Hannu ba zai raba masa wannan gardama ba, kunne ma haka.

Ya kai kifin hanci, ya rufe ido, ya ja. Kalmomin suna nan a bakinsa, sau dubu nawa ya faɗe su. Ya buɗe ido kaɗan, ya ga biron Ketura a kan takarda yana jira. Duk abin da ya faɗa yanzu za ta rubuta shi a matsayin gaskiya, ta sa sunansa, a aika wata ƙasa, a ce ga yadda wani mutum a Maiduguri yake sanin abu. Kwali arba’in kuma su kama hanya zuwa tukwanen mutane. Tambayar nan ta rashin kunya ta zo masa, ba da muryar yarinyar ba, da tasa. Ta yaya ka sani?

Ya sauke kifin.

“Ban sani ba,” ya ce.

Ba wanda ya taɓa jin wannan magana daga bakinsa, saboda haka ba wanda ya motsa.

“Ya bushe, wannan na sani, hannuna ya gaya mini. Amma ko an fesa masa magani, ban sani ba. Hancina ya mutu tun shekarar ruwa. Ba na jin komai. Duk shinshinawar da kuka ga ina yi, ƙarya ce.” Ya dubi Madam. “Madam, ki nemi wani. Ku yafe mini.”

Ya tsaya yana jiran abin da ya yi wata goma sha takwas yana tsoro. Kunya ta rufe shi har bai iya ɗaga kai ba.

“To, alhamdu lillahi,” in ji Alhaji Mahfuz. “Bayana ya huta.”

Ya karɓi kifin daga hannun Pindar, ya shinshina, ya zaro wasu daga kwali uku ya shinshina, ya miƙa wa Madam ita ma ta shinshina. Suka dubi juna. Alhaji ya ce kalewa, wato lafiyarsa ƙalau, hayaƙi ne zalla, a loda. Sannan ya juyo.

“Pindar, kai kaɗai ne mai wayo a kasuwar nan? Duk kwalin da ka wuce, kana juya baya nake sunkuyawa in bi shi da hanci. In ba na nan, Madam ta yi. Mutum da girmana ina laɓe-laɓe kamar kyanwa.”

“Tun yaushe?”

“Ka tuna ranar da na kwara maka ruwan buta a riga, na ce tuntuɓe na yi, ka yi kwana uku ba ka gaishe ni ba? Gefen rigarka ne ya hau garwashin mai shayi. Rumfa duk ta cika da ƙauri, mutane suna ta waige-waige, kai kana zaune a tsakiyar hayaƙin kana ba ni labarin siyasa.”

Dariya ta ɓarke, amma ba irin wadda ya ji tsoro ba. Ya duba fuskokin tsofaffin ’yan kasuwar, ya ga babu mai mamaki a cikinsu. Sabbin zuwa da direbobi ne kawai suka saki baki.

“Me ya sa ba ku faɗa mini ba?”

“Chineke! Mu ce me?” in ji Madam. “Mutum yana ɓoye ciwonsa, sai mu buɗe masa riga a kasuwa? Hanci kowa yana da shi, Baba. Hannunka ne babu irinsa. Mun ce ranar da ka shirya za ka faɗa.”

Sai Pindar ya yi tambayar da ta fi yi masa nauyi. “An taɓa samu? A cikin waɗanda na wuce?”

Alhaji ya daina murmushi. “Sau biyu. Mun mai da wa masu shi a asirce. Ba wanda ya ci.”

Pindar ya zauna a kan wani kwali, abin da ya sha hana mutane yi. Sau biyu ya ce zai kai, sau biyu guba ce. Ya rufe fuska da tafin hannu. Godiya da kunya suka haɗu a ransa, bai san wadda ta fi yawa ba. Madam ta kori ’yan kallo, ta ce wasa ya tashi, kowa ya kama gabansa.

Sai a lokacin ya tuna da Ketura. Tana tsaye inda ya bar ta, ɗankwalin ya faɗi ƙasa, hawaye suna ɗiga a kan littafin. A duk waɗanda suke kusa da shi, ita da take karatun yadda ake sani ita kaɗai ce ba ta sani ba. Alhaji ya buɗe baki zai faɗi haka, Madam ta harare shi, ya haɗiye.

Da la’asar suka fito bakin titi su biyu. Ta ce, muryarta a dushe, “Baba, da na ɗaure maka ido a gaban mutane. Da ni ce zan kunyata ka. Zan yaga shafukan, in nemi wani abu na uku.”

“Kada ki yaga. Ki rubuta duka, har rigar. Ki ce ubanki ya yi shekara talatin da huɗu yana sanin abu bai san ta inda yake saninsa ba, sai da ’yarsa ta zo da auduga. Ki ce ya yi ƙarya, kuma mutanen kirki sun tsare masa ita har ya gaji don kansa. In malaminku ya ce wannan ba ilimi ba ne, ki turo mini shi.”

Ta yi ’yar dariya cikin kuka. “Mama ta sani?”

Ya yi tunani. A da kullum da safe Naomi takan miƙo masa tukunyar miyar jiya ta ce ya ji mata ko ta juya. Ya lissafa, ya ga tun bayan ambaliya ba ta sake miƙo masa ba, ko sau ɗaya.

“Ta sani,” ya ce.

Wani mai Keke ya tsaya yana yi musu hon. Pindar ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ya ce su ɗan taka tukuna. Suka bi gefen titi a hankali, ta gaban masu suya da masu sayar da turaren wuta, hayaƙi yana tashi daga kaskonsu yana ratsa mutane. Wata goma sha takwas yana wuce wurin nan yana gyaɗa kai kamar mai jin daɗi, don kada a gane. Yau ya tsaya sosai, ya dubi hayaƙin, ya bar fuskarsa ta nuna abin da ke ransa.

“Auta,” ya ce, “na yi kewar abin nan ƙwarai. Faɗa mini, me ake ji a nan?”

Ta share ido, ta ja numfashi. “Turaren wuta, irin mai zaƙi. Da man gyaɗa ya yi zafi. Da albasa.”

“Sai me?”

“Hayaƙin mota. Da kifi, Baba. A jikinka.”

“Da yawa?”

“Da yawa.”

Ya gyaɗa kai, ya kama hannunta kamar lokacin da take ƙarama, ya ce ta ci gaba, kada ta tsallake komai har su kai gida.